Bangon ɗakina ya yi fumfuna, ɗana yana tari, surukata ta ce ƙazantata ce

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata huɗu da aure, muna da yaro ɗan shekara uku, ina kuma ɗauke da cikin wata biyar. A watan Janairu muka tare a wani ciki da falo a Tudun Wada, an yi masa sabon fenti, babu abin kushewa. Tun da ruwa ya zauna a watan Yuli komai ya sauya. Ƙasan bangon uwar ɗaka ya yi jirwaye, fenti yana kumbura yana ɓarewa, ga wani warin danshi da turare ba ya kashewa. Da na ja sif na tarar bayansa ya yi baƙi ƙirin, takalma da jakunkunan lefena duk sun yi fumfuna. Yarona kusan wata guda ke nan yana tari, ya fi tsanani da daddare, wani lokaci har ƙirjinsa ke kuka. An saya masa magani a kemis ba sau ɗaya ba. Na lura in muka je gidanmu a Kwarbai muka kwana biyu sai ya samu sauƙi.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo ta ga bangon ta ce ƙazantata ce, a gaban ƙannensa. Ta ce sanyi ne ya kama yaron, a rufe tagogi, a riƙa sa kaskon gawayi da turaren wuta. Maigidana ya ce in yi haƙuri damina ta kusa wucewa, ya riga ya biya kuɗin shekara, ba shi da na kama wani gidan. Kuma mai gidan aminin mahaifinsa ne, da ragi ya ba mu, yana jin nauyin yi masa magana. Ni kuwa kayan ɗakin da Babana ya sha wahala ya yi mini suna lalacewa ina ji ina gani. Zuciyata tana raya mini in ɗauki ɗana in tafi gida sai an gyara. Yaya zan yi?

'Yar uwarku daga Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya raba ku lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe, wato kaskon nan. Kada ki yarda ku kwana da garwashi a ɗaki rufe, ko da na dare ɗaya ne. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta ratsawa yakan fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, irin wadda ke fita daga bututun janareto. Mutum yana barci take shiga jininsa. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, ƙarshenta a wayi gari ana buga ƙofa babu mai amsawa, kuma ƙaramin yaro da mai ciki su ta fi saurin kayarwa. Turaren wuta bai kai nan ba, amma shi ma ba ya kashe fumfuna, warinta kawai yake rufewa, hayaƙinsa kuma ƙari ne a kan ƙirjin da ya riga ya wahala. Haka maganin sauro na igiyar leko. Ki ajiye su duka har yaron ya warke, ku shiga gidan sauro.

Sai maganar da na san ta fi ci miki rai. Ba ƙazanta ba ce. Fumfuna ba ta san mai tsafta ba, ba ta san ƙazama ba, ruwa ta sani. Ƙwayoyinta, waɗanda ido ba ya gani, suna yawo a iskar kowane gida a garin nan, daga manyan gidajen GRA har lungunan cikin birni. Abincinta ma babu inda babu shi: katako, kwali, fata, auduga, ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Abu ɗaya take jira kafin ta tsiro, shi ne laima mai daɗewa. Duk abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, ta samu wurin zama. Masu nazarin iskar cikin gida suna son laimar ɗaki ta tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. A Zariya kuwa, watan Agusta laimar iskar waje kanta takan kai kashi 80 ko fiye, alhali da tsakar hunturu takan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana. Ruwan da garin ke samu a shekara, kimanin milimita 1,000, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. To kin ga ɗakin da kika shiga a Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewa, dole ya yi miki kyau. Sai a Agusta ake sanin halin gidan haya. Ko sau goma za ki share ɗakin nan a yini, muddin bango yana shan ruwa baƙin nan zai dawo.

Yanzu yaron. Ba zan ce miki ga abin da ke damunsa ba, wannan aikin likita ne da zai sa abin sauraro a ƙirjinsa. Amma zargin da kike yi wa ɗakin yana da tushe. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora musamman a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi yawan tari, da kukan ƙirji, da cututtukan hanyar numfashi, kuma mai asma ciwonsa ya fi tashi. Ba fumfunar kaɗai ba ce. Akwai wasu ƙananan ƙwari da su ma ido ba ya gani, suna zama a katifa da matashi da kafet, laima ce ke haɓaka su, kashinsu kuma yana tayar wa wasu yaran da tari da atishawa. Yaro yana kwashe awa takwas ko goma hancinsa a kan wannan katifar, shi ya sa dare ya fi masa wuya.

Abin da kika lura da shi game da Kwarbai ki riƙe shi da kyau, don shi ne hujja mafi ƙarfi a duk wasiƙarki. In kin je asibiti ki faɗa wa likita da bakinki: yana tari da daddare, ƙirjinsa yana kuka, ɗakinmu yana da danshi da fumfuna, in mun kwana wani gida yana samun sauƙi. Sau da yawa iyaye mata sukan ce "tari yake yi" su yi shiru, a rubuta musu sirof su dawo.

Kuma ki je a makon nan, a bar kemis haka. Tarin da ya wuce mako biyu ana so a bincika shi, har da gwajin tarin tibi, ba don ina zaton shi ne ba, sai don a cire shi daga lissafi. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma ku mutanen Zariya kuna da cibiyar tibi da kuturta ta ƙasa a Saye. Ga babban asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa a Shika in an tura ku. Kafin nan, in yana kwance shiru ba kuka yake ba, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye ya yi sauri. In kin ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan ruwa, ko leɓensa ya sauya launi, wannan ba na jiran safiya ba ne. In kuma likita ya rubuta abin shaƙa na masu asma, kada wani ya tsorata ki da cewa in an fara ba a dainawa. Ba gaskiya ba ne, yara da yawa sun sha wahalar banza saboda wannan maganar. Ke ma in kin je awo ki ambata halin ɗakin.

To daga ina ruwan yake zuwa? A nan nake so ki daɗe, don amsar ita za ta nuna wa ke da alhakin gyara, kuma ita za ta kashe gardamar gidanku. Ki samu farar leda shara-shara, ki yanko mai faɗin tafi biyu. Ki goge inda bangon ya fi jirwaye, ki manna ledar da salatif ta gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana biyu. In kin dawo kin tarar da ɗigon ruwa a bayanta, ta ɓangaren da ke kallon ɗaki, to laimar iskar ɗakin ce ke sauka a kan bango mai sanyi, kamar yadda ledar fiya wata mai sanyi take gumi in an ajiye ta a faranti. In kuwa ruwan a ƙarƙashinta yake, tsakaninta da bango, har filastar ta ƙara duhu, daga cikin ginin yake tsatsafowa. Ana iya samun duka biyun.

Bayan wannan, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ki roƙi maigidanki ya ɗauki lema ya zagaya bayan ɗakin ruwan yana zuba, ba bayan ya ɗauke ba. Ya duba inda ruwan kwano ke sauka. A gidaje da yawa bakin kwanon gajere ne, ruwa yana dukan gindin bango kai tsaye, ko kwanon maƙwabci yana juye nasa a lungun da ke tsakani. Ya duba ko ruwa yana kwanciya a wurin, ko kwata ta toshe, ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗakinku tudu, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni inda aka yi ta zuba ciko a hanya shekara da shekaru. Ya duba ko akwai banɗaki ko sokawe jingine da wannan bangon, don bututu ɗaya da ya tsage a cikin gini ya isa. In bangon gabas ne, ya nemi tsaga a filasta, tunda hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, bangon wannan ɓangaren ne ke shan duka. A ciki kuma ku ɗaga kai: zagayen tabo ruwan ƙasa a silin alamar yoyon kwano ce.

Yadda kika kwatanta naku, jirwaye a ƙasa da fenti mai kumbura, na fi zaton ruwa ne ke hawowa daga tushe ko yana shiga ta gindin bango. Irin wannan yakan ja layi a tsayin gwiwa ko ƙugu, da wuya ya wuce mita ɗaya. Sau da yawa za ki ga wani farin gari yana fitowa a wurin. Ki ɗan murza shi, in ya ruguje kuma ya narke a ruwa, gishirin ƙasa ne da ruwa ya ɗauko ya bari, ba fumfuna ba, kuma shaida ce cewa ruwa yana ratsa ginin. Magina suna da abin da suke kira DPC, shimfiɗar da ake yi a kan tushe don ta tare wannan ruwan, sai dai wani wurin a yi ta sama-sama, wani wurin a tsallake ta don ragin kuɗi. Abin da ke ba ni mamaki, magabatanmu da suka yi gini da tubali da azara sun fi mu kula da wannan. Indararonsu dogo ne don ya jefa ruwa nesa da gini, suna shafe bango da makuba, suna yin dakali a gindinsa, kuma kafin damina a yi yaɓe. Mu da muka samu siminti sai muka ɗauka an gama magana.

Duk da haka akwai kason da ke hannunki, kuma faɗarsa ba goyon bayan Hajiya ba ne. Ɗaki biyu da mutum uku suna tara ruwa fiye da yadda ake zato. Numfashinku da guminku kaɗai yana iya kusantar lita guda kafin asuba. Duk litar kalanzir da risho ya ƙona yana sakin kusan litar ruwa a iska, kilo ɗaya na gas kuma fiye da lita ɗaya da rabi, ban da tururin tukunya. Wanki guda da aka shanya a igiya cikin ɗaki saboda hadari yana iya zubar da lita biyu. In tagogi a rufe suke, duk wannan bango da katifa da sutura ne ke shanye shi. Saboda haka girki ya koma waje ko bakin taga, shanya ta koma baranda. Da zarar rana ta fito da hantsi ki buɗe taga da ƙofa tare don iska ta ratsa, ki ɗage labule, har zuwa la'asar, lokacin ne iskar waje ta fi bushewa. In ana ruwa ki rufe. In akwai wuta ki juya fanka ta kalli bangon. Akwai na'urar da ke tsotse laima daga iska, amma da tsadarta da halin wutarmu ba zan ɗora miki ita ba. Ki kuma ɗaga gefen ledar ƙasa ko kafet ki leƙa. In daɓen yana naso, naɗe ta za ki yi ki jingine sai rani.

Tun daren yau, in falon a bushe yake, ku mayar da kwana can. Ba ya cin ko kwabo, kuma in tarin ya ragu cikin mako guda kin ƙara samun abin faɗa wa likita.

Wanke bangon ba aikinki ba ne da ciki, na maigidanki ne ko wani ƙaninsa. Ke da yaro ku fita tsakar gida. A buɗe tagogi, mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu. Kada a kankare shi a bushe ko a share da tsintsiya, wannan watsa ƙwayoyin ne cikin iska. A jiƙa tsumma da ruwan omo a goge tas, sannan a bi da Hypo da aka sirka, kofi ɗaya a kofi goma na ruwa, a bar wurin ya bushe. Kada a kuskura a haɗa Hypo da maganin wanke masai mai asid, hayaƙin da suke tayarwa yana ƙona huhu. Kuma kada wani ya kawo shawarar a shafe da fenti a huta. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango wata biyu ne ya sake ɓarewa, mai mai ma ya fi muni don yana kulle ruwan a ciki. Haka tayil da ake mannawa rabin bango: ido ya huta, ruwan kuma ya haura sama da tayil ɗin ya ɓullo.

Kayan ɗakinki ba duka suka tafi ba. Yawancin sif na yanzu bayansa siririn katako ne, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya wankuwa, amma kafinta zai ɓalle shi ya buga sabo da kuɗi kaɗan. A ɗora sif da gado a kan bulo ko guntayen katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, in da hali a mayar da su jikin bangon da ba ya kallon waje. Atamfofi da leshi a wanke, su sha rana sosai, a goge, sannan a ninke. Kada ki ƙulle su a leda da sauran laima. Takalma da jakunkuna a goge su a waje, a bar su su sha iska. Kwalaye a zubar. Katifa a fitar da ita rana duk ranar da aka samu, amma in baƙin ya shiga cikin soson, haƙuri za a yi da ita. In kuna ajiye buhun masara ko gyaɗa a ɗakin, a ɗaga shi daga ƙasa, wanda ya riga ya yi fumfuna kuma kada a ce za a wanke a kai niƙa. Wata fumfunar hatsi tana barin guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Maigidanki fa? Ban ga mugunta a maganarsa ba, na ga mutumin da aljihu da kunya suka haɗu suka ɗaure. Ya biya kuɗin shekara, an yi masa alfarma, yanzu a ce ya koma wurin aminin mahaifinsa da ƙorafi, abin da nauyi. Inda ya kuskure shi ne zaton lokaci zai warware matsalar. Gaskiya ne nan da Nuwamba bangon zai bushe, wari ya tafi, kowa ya manta. Amma ruwan yana nan yana jiran Yuli, kuma a lissafina damina mai zuwa za ta same ku da jariri ɗan wata shida ko bakwai a wannan ɗakin. Wannan ita ce maganar da za ki sa masa a gaba, a lokacin da ya ci ya huta, ba yana shigowa ba. Kada ki fara da kayan ɗaki, kada ki ce Babanki ya kashe kaza. Ko gaskiya ce, kunnensa gori zai ji, daga nan kuma an bar zancen bango an koma zancen naku da namu. Ki fara da yaro, ki nuna masa ledar, ki roƙe shi abin da yake iyawa a makon nan: asibiti, komawa falo, zagaya bayan ɗaki. Magana da Alhaji, mai gidan hayar, ta biyo baya, in ya ga abin da idonsa.

Ita ma maganar da Alhaji ba sai ta zama ƙara ba. Mai yiwuwa bai taɓa shiga ɗakin da damina ba. Mai yiwuwa kuma ya sani, shi ya sa aka yi sabon fenti da ragi, amma ba ku da hujjar wannan, kuma zargi ba zai gyara muku bango ba. Abin da ke tabbas shi ne gidansa ne ke ciwo, ruwan da ke cin filasta yau gobe bulo zai ci. Wanda ya sanar da shi taimakonsa ya yi. Maigidanki ya je ta hannun mahaifinsa, tunda amincin nasu ne, ya ce: Baba, mun ga wani abu a ginin da muke tsoron kada ya yi wa Alhaji ɓarna, muna so ya turo magini ya duba. Ku ɗauki hotuna da waya yanzu da abin yake a fili, don in hunturu ya shigo babu mai yarda da ku. Gyaran rufi da tushe da magudana a al'ada na mai gida ne. In ya ce ba shi da kuɗi a hannu, akwai hanyar da masu haya suka saba, ku gyara a cire daga kuɗin shekara mai zuwa. Sai dai a yi ta a rubuce da shaida, a kuma amince da adadin kafin a sayi buhun siminti ɗaya, don irin wannan alfarmar ta baki ita ke raba zumunci daga baya. Wani gyaran ma ba shi da yawa: a yashe kwata, a sa wa kwano mazurari, a kwashe ƙasar da ta taru, a zuba ɗan dakalin siminti mai gangara a gindin bango. Waɗannan ana iya yinsu yanzu. Sabuwar filasta da fenti su jira rani, bango ya bushe har ciki.

Hajiya ta yi kuskure da ta kira ki ƙazama, ta ƙara da yinsa a gaban ƙannen mijinki. Ba zan ce miki bai kamata ki ji zafi ba. Amma ramawa ba za ta wanke ki ba, kuma ɗanta ne ya kamata ya gyara wannan, cikin ladabi, su biyu, bayan magini ya faɗi abin da ya gani. Ki lura kuma a gindin maganarta ku biyun abu ɗaya kuke faɗa, cewa ɗakin ne ke cutar jikanta, a magani kuka rabu. Dabarar da na fi so ita ce ki roƙe ta ta raka ku asibiti. Ki ce, Hajiya, ke kika fi ni sanin yara, ina so ki ji abin da likita zai ce. A gabanta ki tambayi likitan batun kasko da rufe taga. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba za ta karɓa daga nasa, ba tare da an kunyata ta ba. Tsoronta na sanyi kuma a biya mata shi da rigar sanyi da safa ga yaro da daddare. Ki tuna batun kaskon zai sake tasowa lokacin jego, cikin hunturu, gara a kashe shi tun yanzu.

Tafiya gida kuwa iri biyu ce. In kika ɗauki yaro cikin fushi kika tafi, sunanta yaji. Daga ranar zancen ya tashi daga kan danshi ya koma kan biko da wa ya yi laifi, Hajiya ta samu abin kafa hujja, bangon kuma yana nan yadda yake. In kuwa likita ya ce a nisanta yaron daga ɗakin, ko kun koma falo tarin bai ragu ba, sai ki nemi izinin maigidanki ku je Kwarbai na mako biyu ko uku, shi da kansa ya kai ku, ya gaida su Baba, ya faɗi dalili da ranar dawowa. Wannan jinya ce, babu mai zaginki a kanta. In ya ƙi asibitin, ya ƙi falon, ya ƙi tafiyar, alhali yaro yana wahala, a nan kina da haƙƙin sanar da Babanki ko waliyyinki ya kira shi su zauna. Ban zaci za a kai nan ba.

Ku sa wa kanku wa'adi. In ƙarshen Oktoba ya zo Alhaji bai turo kowa ba, kuma bai yarda a gyara a cire ba, kada ku sabunta haya a Janairu, ragin bai kai kuɗin asibiti da na kafinta ba. Maigidanki ya fara tara abin da ya samu tun yanzu, ya kuma fara duba gidaje kafin ruwa ya ɗauke, ko da ba a lokacin zai biya ba. Ya je washegarin ruwa. Ya shiga ya rufe ƙofa ya shaƙi ɗakin, ya dafa ƙasan bango da tafin hannu, ya duba kusurwoyi da silin, ya tabbatar uwar ɗaka tana da tagar da ke buɗewa ga iska ba ga bangon maƙwabci ba. In ya ga sabon fenti a rabin bango na ƙasa kaɗai, ya tambayi dalili. Ke kuma ki shiga wurin matan gidan ku gaisa, ki tambaye su yadda suka kwana da ruwan Agusta, da dalilin tashin wanda ya bar ɗakin.